Daga zane zuwa ƙarfe: yadda ake shirya aiki a manhajar CAM ba tare da karya wuƙa ba

Tun da na girka ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe mai kwamfuta a shagona nan Damagaram, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa, daga abokan sana'a na Zango da Birni har matasan da ke aiko mini saƙo daga Matamai da Magarya: "Maigida, na iya zane a kwamfuta, amma yaya zanen ke komawa abin da inji zai gane?" Manhajar CAM ce ke yin wannan aiki. Zan bi matakan yadda nake bin su, da aiki ɗaya na gaske: farantin da ke riƙe boris a injin niƙa, abin da muke kira rulma a nan.

Ka riƙe magana ɗaya tun yanzu. Kwamfuta ba ta ganin teburin injinka. Abin da ka gaya mata shi ta sani, kuma duk wuƙar da na taɓa karyawa, wato bakin da inji ke yanka ƙarfe da shi, ta karye ne a inda abin da ke kan allo ya saɓa da abin da ke kan tebur.

Ga aikin: farantin ƙarfe mai laushi, tsawo milimita 120, faɗi 100, kauri 20. A tsakiya akwai mazaunin rulma lamba 6205, wadda faɗin bayanta 52 ne, kaurinta 15. Ƙarƙashin mazaunin akwai rami mai faɗin 45 da ya huda har ƙasa don sandar ta wuce, sai ramuka 4 masu faɗin 11 a kusurwoyi don bulon M10.

1. Zaɓi manhaja daidai da injinka

Kada ka fara da tambayar wace ce ta fi kyau. Fara da leƙa akwatin da ke sarrafa injinka. Fanuc ne ko Siemens, irin na tsofaffin injinan masana'anta? Mach3 ne a kan tsohuwar kwamfuta? GRBL ne a kan ɗan allon Arduino? Ko kuwa irin na'urar hannun nan da ke zuwa da injinan sassaƙar katako na ƙasar Sin? Rubuta sunan, domin manhajar da ba ta iya magana da harshen wannan akwati ba, ko a kyauta aka ba ka ba ta da amfani a wurinka.

FreeCAD kyauta ce gaba ɗaya, tana aiki ba intanet, kuma tana da Faransanci. A sigar 1.0 da ta fito a 2024 sashen shirya yanka sunansa CAM. A tsofaffin sigogi Path ake kiransa, don haka kada bidiyon da ya girmi 2024 ya ruɗa ka. Tana da ɗan taurin kai wurin koyo, amma ita nake ba duk wanda bai da halin biya shawara ya fara da ita.

Fusion ta kamfanin Autodesk ta fi daɗin hannu, kuma kwaikwayon yankanta ya fi fitowa fili. Sai dai kuɗin shekara ake biya, kuma tana neman intanet lokaci zuwa lokaci. Akwai lasisin kyauta na amfanin kai, amma ba na kasuwanci ba ne, kuma tun 2020 an cire masa canjin wuƙa na kai tsaye da tafiyar sauri tsakanin yanka da yanka. Estlcam, ta wani Bajamushe, sau ɗaya ake sayenta, kuma ta dace da aikin faranti daga zane mai nau'in fayil na DXF. Mai yanka da wutar plasma ya duba SheetCam, mai sassaƙa ƙofofin katako ya duba VCarve. Mastercam ta manyan masana'antu ce, kuɗinta ya fi ƙarfin ƙaramin shago. In za ka lissafa farashin yuro, ka tuna yuro 1 sefa 655.957 ne, ba ya motsi.

Gargaɗi: manhajar sata da ake zuba wa mutane a kasuwa tana zuwa da ƙwayar cuta, kuma ranar da ta tsaya ba ka da wanda za ka kai wa kuka. Haka kuma Mach3 da ba a saya ba tana tsayawa a layi na 500, aiki na tsaka da tafiya.

Kwamfutar ba sai sabuwa ba. Ta samu RAM giga 8, da linzami mai taya a tsakiya, domin juya zane da yatsa a kan faifan kwamfutar hannu ɓata lokaci ne. Ka saya mata ondilar, batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, kuma ka raba ta da ƙurar shago, musamman lokacin buji.

2. Gyara zanen kafin ka shiga CAM

Zane mai jiki, a karɓe shi a nau'in fayil na STEP. Zanen faranti, a DXF. STL tarin ƙananan kusurwoyi ne, da'ira a cikinsa ba da'ira ba ce ta gaskiya, saboda haka bai dace da mazaunin rulma ba.

Da ka buɗe zane, auna gefe ɗaya da ka san tsawonsa. In gefen 120 ya nuna 4.72, ko ya nuna 3048, inci da milimita ne suka haɗu, tunda inci 1 milimita 25.4 ne. A DXF kuma ka duba layukan da ba su haɗe ba da waɗanda aka zana sau biyu a wuri ɗaya. Manhaja za ta ƙi zaɓar layin da ke da ɓaraka, ko ta bi mai ninki sau biyu.

Gargaɗi: wuƙa mai juyawa ba ta fitar da kusurwa mai tsini a cikin rami. Wuƙa mai faɗin 10 za ta bar lanƙwasa ta milimita 5 a kowane lungu. Ka gaya wa mai aiki tun kafin ka karɓi kuɗinsa.

3. Gaya wa manhaja gaskiyar ƙarfen da ke hannunka

Yawancinmu ba sabon faranti muke saya ba. Guntu ne daga masu tsofaffin ƙarafa, an yanko shi da wutar gas, gefensa kamar haƙoran zarto. Ɗauki ma'auni ka auna shi a wurare uku, ka shigar da awo mafi girma. In ka rubuta 124 alhali wani gefe ya kai 128, wuƙa za ta sauko da gudu a inda kwamfuta ke zaton iska ce.

Gefen da wuta ta yanka yana yin tauri, kuma yana cinye wuƙar HSS, wato wuƙar ƙarfen yanka ta yau da kullum, nan take. Goge shi da dutsen wasa na hannu tukuna. In kuma ba ka san asalin ƙarfen ba, gwada shi da zarto mai goga: in ya ci cikin sauƙi, mai laushi ne, in ya zame, ka ajiye shi. Sifirin mota ba abin wannan aiki ba ne.

4. Kafa sifili

A nan ne rabin haɗura ke faruwa, don haka zan ɗan daɗe.

Sifilin aiki shi ne wurin da X da Y da Z duka suke 0. Sau biyu ake kafa shi, a manhaja da kuma a inji, kuma dole su zama wuri ɗaya. A Fusion cikin Setup ake zaɓarsa, a FreeCAD cikin Job. Za ka ga kibiyoyi uku: ja X, kore Y, shuɗi Z. Shuɗin ya kalli sama, jan ya kalli hannun damanka yadda kake tsaye gaban inji. In shuɗi ya kwanta, zanen a tsaye yake a idon manhaja, kuma duk abin da za ka shirya bayan nan shirme ne.

A wannan faranti ina sa X da Y a kusurwar baya ta hagu, wadda ke jingine da muƙamuƙin da ba ya motsi na eto, wato matsen da ke riƙe ƙarfe a kan tebur. Dalili shi ne in ƙarfe na biyu ya ɗan fi na farko faɗi, wannan kusurwar ba ta gusawa. Z kuma a saman ƙarfen da ba a taɓa ba. Wasu sun fi son saman aikin bayan an share shi. Duka suna yi, amma zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, ka rubuta shi a takarda ka manna jikin inji.

Akwai ranar da na sa Z a ƙasan faranti a manhaja, domin aikin da na yi kafin nan haka ya buƙata, sannan na je inji na taɓa saman faranti na ce nan ne sifili. Sa'ata ɗaya, kuskuren sama ya kai wuƙar, ta yi ta yankan iska milimita 20 bisa ƙarfe. Da akasin haka na yi, da ta nutse milimita 20 cikin eto. Tun ranar ba na tashi daga kwamfuta sai na zana ɗan hoton faranti da alamar sifili a takarda.

5. Shigar da wuƙaƙen da kake da su

Manhaja na zuwa da ɗakin ajiya cike da wuƙaƙen da ba ka mallaka ba. Ƙirƙiri naka. Ga wannan aiki: T1 wuƙa mai faɗin 10 mai haƙora 4, T2 ɗan meshi (bakin huda rami) na sa alama, T3 meshi 11. Ga kowace ka shigar da faɗi, yawan haƙora, tsawon wurin da ke yanka, da tsawon da ta leƙo daga mariƙinta. Wannan na ƙarshen mutane suke tsallakewa, alhali da shi ne manhaja ke sanin ko mariƙin zai daki bakin rami. Ramin tsakiya zai huda kauri 20, saboda haka wuƙar ta leƙo aƙalla 25. Kada kuma ta wuce bukata, doguwar wuƙa rawa take yi.

Gargaɗi: wuƙar da aka sake wasawa ta daina zama 10. Auna ta. In 9.7 ce, 9.7 za ka rubuta.

6. Lissafa gudu da ci

Kada ka yarda da lambobin da manhaja ta cika da kanta. Sau da yawa na almuniyam ne, ko na injin da ya ninka naka ƙarfi. Lissafin bai da wuya.

Juyi a minti: ninka gudun yanka da 1000, ka raba da faɗin wuƙa sau 3.14. Wuƙar HSS a ƙarfe mai laushi tana son kamar mita 25 a minti. Wato 25,000 a raba da 31.4, kusan 800 ke nan. In kabaid ce, wadda ta fi HSS tauri, a mita 100 a minti, juyin zai kai wajen 3,180.

Ci a minti: juyi sau yawan haƙora sau abin da kowane haƙori zai gutsura. Mu ba haƙori 0.04. To 800 sau 4 sau 0.04 ya ba da milimita 128 a minti. Meshi 11 kuwa, juyi 720, ci 0.15 a kowane juyi, wato kamar 108 a minti.

Waɗannan mafari ne, kunne da ido su ƙarasa. Amma kada tsoro ya sa ka rage ci ƙwarai ka bar juyi a sama. A haka wuƙa ba yanka take ba, goga take, ta yi zafi ta dushe. Na ga yara da yawa sun kashe sabuwar wuƙa ta wannan hanya suna ganin lallaɓa ta suke yi.

7. Jera ayyuka

Tsarin da nake bi: share sama, sa alama da huda, cire ƙarfen tsakiya, sannan gyaran ƙarshe.

Sharar sama: milimita 0.5 ta isa ta cire tsatsa.

Huda: T2 ya sa alama zurfin milimita 2, sannan T3 ya huda da tsarin shiga da fita, yana cin 3 ko 4 yana fitowa ya zubar da ɓarɓashi. Kan meshi mai kusurwa 118 yana da tsini kamar kashi 3 cikin 10 na faɗinsa, wato 3.3 ga meshi 11. In ka ce zurfi 20, tsinin kaɗai zai leƙa ƙasa. Sa 24.5, ko ka kunna zaɓin da ke ƙara tsinin da kansa. Ka ɗora farantin a kan sanduna biyu masu kauri ɗaya cikin eto don meshi ya sami wurin fita, ka kuma tabbata ramukan kusurwa ba su faɗo daidai kan sandunan ba.

Cire tsakiya: nan ne manhaja mai kyau ke nuna darajarta. Tsohon salo shi ne zagaya rami da'ira bayan da'ira. Sabon salo, wanda Fusion da FreeCAD duka suke kira Adaptive, yana sa wuƙa ta riƙa gutsura kaɗan daga gefe, nauyin da ke kanta bai canzawa, ba ta shiga lungu ta cika baki. Ga ƙaramin inji wannan rahama ce. Ba ta milimita 1 a gefe, zurfi 5 a karon farko. In inji bai yi kuka ba ka ƙara zurfin a faranti na gaba. Illarsa ɗaya, yana fitar da dubban layuka, kuma tsohon Fanuc mai ƙaramar ƙwaƙwalwa ba zai ɗauke su ba sai ana tura masa ta waya yana yi.

Gargaɗi: kada wuƙa ta shiga ƙarfe tsaye kamar meshi. Zaɓi saukar murɗe, kusurwa digiri 2 ko 3. Mafi sauƙi ma, tunda meshi 11 na kan inji, huda rami a tsakiya ka ce wuƙa ta fara daga nan.

Fara da ramin 45 har ƙasa, sannan mazaunin 52 zurfin 15. Bar ragowar 0.3 a bango don gyaran ƙarshe.

Gyaran ƙarshe: ana son mazaunin ya faɗa tsakanin 52.00 da 52.03, awon da ake kira H7. Tazarar ba ta kai kaurin gashi ba, saboda haka kada ka nufi 52 kai tsaye. Shirya zagaye ɗaya da ragowar 0.1, ka tsaya ka auna, sannan ka gyara lambar ka sake. Ka tuna ragowar a gefe ɗaya ake ƙirga ta: 0.1 a bango 0.2 ce a faɗi. In awo ya nuna 51.76 maimakon 51.80, wuƙa ta lanƙwashe ko ta ci ƙasa da zato, kuma abin da ya rage ka cire a gefe 0.12 ne da ɗan ɗoriya.

Ɓangaren da wuƙa ke zagayawa ma yana da magana. Injin da zarensa, wato sandar da ke tura tebur, mai ƙwallaye ne, ba ya wasa, sa wuƙa ta hau ƙarfe (zaɓin da manhaja ke kira Climb), bango ya fi fitowa sumul. Injin da aka mayar na kwamfuta daga na hannu, mai wasa a zare, yi akasin haka, in ba haka ba wuƙa za ta fizgi tebur. Irin wannan inji kuma ba ya fitar da cikakkiyar da'ira, za ka ji ɗan tudu a wurare huɗu inda tebur ke juya akala. In naka haka yake, gaskiya ita ce ka bar mazaunin a 51.5 ka ƙarasa shi da kan faɗaɗa rami ko a injin juyi. Ba manhajar da ke gyara zaren da ya ci.

8. Duba tsayin tafiya, ka kalli kwaikwayo

Kowane aiki yana da tsayin da wuƙa ke hawa kafin ta ƙetara zuwa wani wuri. Ya wuce duk abin da ke kan tebur: kan bulon, maɗauri, hannun eto. In maɗaurinka ya tashi milimita 30 bisa faranti, sa tsayin ƙetarawa 40.

Zana eto da maɗaurai a cikin manhaja, ko da akwatuna ne kawai masu girmansu. Sannan kunna kwaikwayo, ka rage gudu, ka kalla daga gefe. Kallon sama ba ya nuna zurfi. Ja a layin lokaci alamar karo ce, kada ka wuce ta. Ka lura da layukan tafiyar sauri, waɗanda Fusion ke nunawa da rawaya: ko ɗaya kada ya ratsa ƙarfe. A ƙarshe juya aikin ka duba ko kafaɗar da rulma za ta zauna a kai tana nan.

9. Zaɓi tafinta, ka karanta abin da ya rubuta

Abin da manhaja ta shirya ba shi inji ke karantawa ba. Akwai ɗan shirin da ke fassara shi zuwa G-code na injinka, ana ce masa post. Ni tafinta nake kiransa. Kwaikwayon da ka kalla kafin tafinta ya sa baki ne, shi ya sa kuskurensa ba ya fitowa a can.

Buɗe fayil ɗin ka karanta layuka 20 na farko da 10 na ƙarshe. Ka ga G21, milimita. G20 inci ne. Ka ga G90, awo daga sifili; G54, sifilin aikinka; T1 M06, canjin wuƙa; S800 M03, juyi; G43 H1, tsawon wuƙa. Lambar H ta yi daidai da ta T. M08 ruwan sanyaya, M05 tsayar da juyi, M30 ƙarshe.

Gargaɗi na farko: kwamfutocinmu da Faransanci suke, waƙafi suke sa wa a lamba, 10,5. G-code ɗigo kawai ya sani, 10.5. In ka gyara lamba da hannu, ka kula. A Fanuc da yawa kuma X10 ba ɗigo ana karanta shi 0.010, sai ka rubuta X10. da ɗigon.

Na biyu: G28 yana mayar da inji gidansa. Injin da ba shi da maɓallan gida, ko ba ka kai shi gida da safe ba, gidan da ya sani shi ne duk inda yake lokacin da aka kunna shi, kuma can zai nufa da gudu. Kashe wannan zaɓi a tafinta in haka injinka yake.

Na uku: GRBL bai san G81 da G83 na huda ba, kuma ba ya canza wuƙa. Tafintansa ya warware huda zuwa layuka na yau da kullum.

In kana son ƙarin tabbaci, CAMotics kyauta ce, kuma G-code ɗin kansa take kwaikwaya.

Shawarata ga mu nan: fitar da fayil ɗaya ga kowace wuƙa, da suna gajere ba tazara, kamar RUL1T1. Wutarmu ba ta da alkawari, musamman a bazara. In ta ɗauke, ƙaramin fayil za ka sake, ba aikin duka ba. Kile USB ɗin ta zama an tsara ta a FAT32, ƙarama, ta wannan aiki kaɗai, ba wadda ake ɗaukar waƙoƙi da ita ba.

10. Daidaita inji da takardarka

Kunna inji, kai shi gida tukuna, kullum. Share tebur da eto, domin ɓarɓashi ɗaya ƙarƙashin faranti ya isa ya karkatar da mazaunin. Ɗaure, ka buga da guduma mai laushi har sandunan ƙasa su daina motsi.

Nemo gefe da manemin gefe. In faɗinsa 10 ne, tsakiyarsa na milimita 5 daga bango lokacin da ya taɓa, sai ka gusa 5 ciki kafin ka rubuta sifili a G54. Mantuwar wannan 5 ta ɓata faranti ba adadi. Ga Z, sa ƴar takarda ƙarƙashin wuƙa, kana saukowa a hankali kana jan ta har ta kama; kaurinta kamar 0.1 ne, ka cire shi. Kowace wuƙa a auna tsawonta daban. Kwafe lambobin G54 a takarda, su ne za su cece ka in wuta ta ɗauke.

11. Yanki iska, sannan ƙarfe

Ɗaga sifilin Z da milimita 50, ka bar shirin ya gudana bisa iska. Kunna layi ɗaya ɗaya, rage tafiyar sauri zuwa kashi 25 ko ƙasa, yatsa a kan maɓallin tsayawa. Idan inji na nuna tazarar da ta rage, ka riƙa dubawa: allo ya ce saura 40 a sauka, idonka ya ga saura 10, tsaya.

Yaron shagona ya taɓa ce mini, "Maigida, ai mun kalla a kwamfuta, me ya sa za mu sake?" Na ce masa, "Ƙanena, a kwamfuta mun ga abin da muka faɗa. Yanzu za mu ga abin da muka ɗaure."

Mayar da Z, ka tabbata ka mayar, sannan ka fara da ci kashi 50 kana ƙarawa. Sautin kirki ɗaya yake, ba ya hawa ba ya sauka. Ƙara mai tsini rawa ce: rage juyi kaɗan ko ka gajarta wuƙa. Ɓarɓashin HSS ya fito fari ko ruwan ƙasa mai haske. In ya koma shuɗi, juyi ya yi yawa ko ruwa ba ya isa wurin. Tabarau a ido, hannun riga a naɗe, ba safar hannu kusa da abin da ke juyawa, ba rawani mai jela. Ɓarɓashi da buroshi ake share shi, inji a tsaye.

In wuta ta ɗauke wuƙa na cikin ƙarfe, kada ka danna ci gaba da ta dawo. Ɗaga Z da hannu, duba haƙora, kai inji gida, gwada G54 da takardarka, ka sake fayil ɗin wannan wuƙa daga farko.

12. Auna, ajiye, ka yanke farashi

Kada ka kwance faranti kafin awo, domin in ya sauka daga eto ba zai koma daidai inda yake ba. Ka kuma bari ya huce. Ƙarfe na buɗewa kamar milimita 0.012 a kowace mita ga kowane digiri. Ramin 52 da ya fi ma'auninka zafi da digiri 20 zai nuna ƙarin 0.012, kusan rabin tazarar da aka ba ka. A watan Afrilu, da shago ke wuce digiri 40, ina ajiye ma'auni da rulma a inuwa kusa da inji don zafinsu ya zo ɗaya da na aikin. Rulmar ta shiga da ɗan turawa. In ta faɗa da kanta tana kaɗawa, ramin ya wuce.

Da faranti na farko ya fito daidai, koma manhaja ka shigar da duk gyaran da ka yi a inji: juyin da ka rage, cin da ka ƙara, ragowar da ta ba da 52.01. Ajiye zane da shirin CAM da G-code da hoton yadda ka ɗaure a jaka ɗaya mai sunan aikin. Mai injin niƙa zai dawo, maƙwabcinsa ma zai zo.

Lokacin da manhaja ke nunawa na yanka ne kawai, ba ta ƙirga ɗauri da canjin wuƙa da awo. Riƙe agogo a faranti na biyu, wannan ne lokacin gaskiya. Farashi ya haɗa kuɗin ƙarfe, awannin inji da wuta ko man gurup, rabon wuƙa, da zaman da ka yi gaban kwamfuta. A ɗauka wuƙa jika 10 ka saye ta kuma faranti 20 take yi kafin ta dushe: kowane faranti na ɗauke da dala 100 nata, wato sefa 500. Zaman kwamfuta kuwa sau ɗaya ake yinsa, saboda haka mai faranti ɗaya shi zai biya shi duka, mai goma a raba masa goma. Ka faɗa masa haka tun ranar da ya kawo tsohon farantin a cikin buhu.